Hannun da Ke Tare Sankarar Hanji Tun Tana Tsiro

Yawancin gwaje-gwajen asibiti labari kawai suke kawowa. A ɗebi jini, a ɗauki hoto, a dawo a ce ga abin da aka gani, sannan a shiga neman magani. Leƙen babban hanji, wanda likitoci ke kira kolonoskofi, ya fita daban. Mai riƙe da na'urar yana iya hango ɗan tsiron da zai zama sankara nan da shekara goma, ya zarge shi, ya datse shi, ya fito da shi, duk a zama ɗaya, mai jikin kuma ya koma gida ran nan ya ci tuwon darensa. Bincike da magani sun haɗu a hannun mutum guda, shi ya sa alherin aikin ya rataya a kan gwanintar wannan mutumin fiye da yadda ya rataya a kan tsadar na'urarsa.

Cutar da ake tarewa ba ƙarama ba ce. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta nuna mutum sama da miliyan 1.9 sun kamu da sankarar babban hanji da dubura a shekarar, sama da 900,000 kuma sun rasu. Ita ce ta uku a yawa cikin dangin sankara, ta biyu kuma a kisa. Sai dai tana da wata nawa da ta zama rahama. Mafi yawanta daga ɗan tsiro take farawa a bangon hanji, wanda ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, ba ya hana mutum barci. Yawancin irin waɗannan tsiron ba sa zama komai. Wanda zai rikiɗe kuwa yakan ɗauki kimanin shekara goma yana girma a hankali kafin ya kai ga haka. Waɗannan shekarun ne filin aikin mai leƙen hanji.

Kayan aikinsa baƙin bututu ne mai laushi, kaurinsa kamar yatsa, tsawonsa ya ɗan haura mita ɗaya da rabi. A bakinsa akwai fitila da ƙaramar kyamara mai aika hoto zuwa allo, a cikinsa kuma akwai siraran hanyoyi na hura iska, da fesa ruwa, da tsotso, da zura kayan yanka. Hannun hagu ke riƙe da kan na'urar, inda akwai wili biyu: babba yana ɗaga bakin bututun sama ko ya sunkuyar da shi, ƙarami yana karkata shi dama ko hagu. Babban yatsa ke juya su, manuni da na tsakiya suna kan maɓallan tsotso da iska. Hannun dama yana riƙe da jikin bututun, yana turawa, yana ja, yana murɗawa. Ido kuwa ba ya duban hannu ko kaɗan, yana kan allo.

Hanyar da za a bi ita ce wahalar. Babban hanji ya kai kimanin mita ɗaya da rabi, kuma ba a miƙe yake ba. Daga dubura yakan yi 'yan murɗe-murɗe a ƙasan mara ta hagu, ya hau sama har gindin saifa, ya karya kwana mai kaifi, ya ratsa ciki zuwa ƙarƙashin hanta, ya sake karya kwana, ya gangara dama har inda ƙaramin hanji ke zubowa cikinsa. Wasu sassan a manne suke da bayan ciki, ba sa motsi. Wasu kuwa a rataye suke, suna lilo, musamman murɗaɗɗen sashen nan na ƙasan hagu da kuma wanda ya ratsa tsakiya. A nan ɗan koyo ke shan kunya. Yana turawa da ƙarfinsa, bututu yana ta shiga, amma hoton da ke allo ya ƙi matsawa, wani lokaci ma ya ga yana komawa baya. Abin da ya faru shi ne bututun ya yi gammo a cikin ciki, yana miƙe hanjin yana jan tantanin da ya rataye shi. Wannan jan ne ke sa majiyyaci ya yi nishi ya damƙe gado.

Gwani ya san cewa a wannan aikin da ja ake ci gaba. Duk wanda ya taɓa zura zariya a ƙubakar wando ya san dabarar: ba a cusa ta da ƙarfi, tattaro yadin ake yi a kan abin zurin, a ja, a sake tattarowa. Haka gwani yake yi da hanji. Da ya ji bututun ya fara yin gammo, sai ya maƙale bakinsa a bayan wani ninki, ya murɗa jikinsa wajen dama, ya ja baya a hankali. Can sai ya ji gammon ya warware a tafin hannunsa, hoton allo kuma ya zabura gaba alhali shi ja yake yi. Yakan tsotse iskar da ke gabansa don hanjin ya taƙaita ya tattaru a kan bututun. Idan wuri ya cije, sai ya ce wa ma'aikaciyar jinya ta danne nan da tafin hannunta don kada gammon ya sake ɗagowa, ko ya ce, "Baba, a juya a kwanta rigingine," ko kuma, "Mama, ja numfashi sosai ki riƙe," domin jan numfashin yana turo kwanar da ke ƙarƙashin hanta ƙasa, bututun ya zame ya wuce. Idan an yi aikin yadda ya kamata, hanjin nan mai mita ɗaya da rabi yakan tattaru a kan santimita 70 zuwa 80 kacal na bututun. Ganin lambar da ke jikin bututun a bakin dubura ya ishi malami ya gane ko ɗalibinsa ya miƙe hanya ko ya tara gammo a cikin bawan Allah.

Babu alamar hanya a ciki, amma gwani yana karanta wurin. Idan ramin ya koma mai kusurwa uku, ya san yana sashen da ya ratsa tsakiya. Idan ya ga wata inuwa mai shuɗi-shuɗi ta bayan bango, hanta ce ko saifa ke leƙowa. Idan ramin ya ɓace masa gaba ɗaya, bango ja ya rufe allo, ba ya turawa a makance. Ja da baya yake yi har hanya ta bayyana, ya bi gefen da ya fi duhu. Ba ya cewa ya iso ƙarshe sai ya ga shaidu biyu: ɗan bakin afendiks, da leɓen ƙofar da ƙaramin hanji ke buɗewa. Yakan ɗauki hotonsu ya ajiye, don kada maganar ta zama ta fatar baki.

Wanda ya shimfiɗa wannan sana'a wani likitan tiyata ne ɗan Japan, Hiromi Shinya, yana aiki tare da William Wolff a asibitin Beth Israel na birnin Niyok. A 1969 suka fara ratsa hanjin gaba ɗaya da bututu mai lanƙwasa, a shekarar kuma Shinya ya fara cire tsiro da zargen waya mai ɗauke da lantarki, wanda ya ƙera tare da wani injiniyan kamfanin Olympus. Kafin nan, tsiron da ya yi nisa da dubura sai an tsaga ciki ake kaiwa gare shi, da kwanciyar asibiti da duk haɗarin da ke tattare da ita. Shinya ne kuma ya yaɗa salon mutum ɗaya ya riƙe kan na'urar da jikinta duka, maimakon wani ya juya wili wani ya tura. Dalilin a fili yake: hannun da ke turawa shi ke jin cijewar hanya, bai kamata ya jira umarni daga wani ba.

To amma isa ƙarshen hanji rabin aiki ne, kuma a ganina ƙaramin rabin. Ainihin binciken a hanyar fitowa ake yin sa. Cikin hanji cike yake da ninke-ninke, kyamara kuma gaba take kallo, tsiro kuwa yana son fakewa a bayan ninki. Saboda haka gwani yana fitowa ne taku-taku. Ya ja kaɗan, ya lanƙwasa baki ya leƙa bayan ninkin nan, ya danne shi ya ga ɗaya gefen. Ya tarar da ɗan tafkin ruwa, ya tsotse shi ƙaf ya ga abin da ke ƙarƙashi. Ya ga yauƙi ya manne a bango, ya fesa ruwa ya wanke. Idan bututun ya suɓuce ya tsallake wata kwana, ba ya cewa ai an wuce, komawa yake yi ya sake bin ta. Wasu sukan bi sashen dama sau biyu, saboda a nan ne aka fi yin ɓatan kai. Bincike da dama da aka yi ta hanyar leƙa mutum sau biyu a rana ɗaya sun nuna leƙen farko yakan tsallake kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar na tsiron da ke iya rikiɗewa, yawancinsu ƙanana.

A 2006 aka buga wani bincike daga garin Rockford na jihar Ilinoi a Amurka, inda aka riƙa auna wa likitoci 12 lokacin fitowarsu. Duk ƙwararru ne, kayan aikinsu iri ɗaya. Waɗanda ke ɗaukar minti shida ko fiye sun gano tsiro a kashi 28 cikin 100 na mutanen da suka leƙa, masu sauri kuwa a kashi 12 kawai. Daga nan minti shida ya zama mafi ƙarancin ma'auni a duniya, yau ma da yawa suna ganin takwas ko tara ya fi. Sauri ya haifi nawa, in ji Hausawa, a nan kuwa abin da yake haifa ya fi nawa muni.

Sai kuma ido. Tsiro mai wuya da kai, mai reto a tsakiyar hanya, ko ɗan koyo zai gan shi. Wanda ke raba gwani da saura shi ne shimfiɗaɗɗe, wanda bai ɗago daga bango ba sai kaɗan, ko ma ya ɗan lotsa ciki. Alamarsa ba ta wuce ɗan ja-ja ba, ko wurin da siraran jijiyoyin jini suka zo suka katse, ko gefen ninki da ya ɗan yi kauri, ko ɗan yauƙi rawaya da ya ƙi barin wuri ɗaya. Likitocin Japan ne suka fara nacewa a kan wannan. Tetsuichiro Muto ya bayyana shimfiɗaɗɗen tsiro a 1985, Shin-ei Kudo kuma, yana aiki a garin Akita, ya yi ta gano ƙananan sankara masu lotsawa. Likitocin Turai da Amurka sun daɗe suna ɗauka abin na Japan ne kaɗai, har aka yi masa laƙabi da cutar Akita. Sai da aka yi aiki da salon Japan a birnin Lids na Ingila, aka buga sakamakon leƙe 1,000 a shekarar 2000, sannan ta bayyana cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na tsiron da aka samu a Turawa ma shimfiɗaɗɗu ne. Suna nan tun da can, idon da ya san su ne babu. Daga Japan ɗin kuma aka koyi fesa wa bango wani shuɗin ruwa, ɗan gidan baba, wanda ke kwanciya cikin tsagogi ya fito da iyakar tsiron. Kudo ya tsara yadda za a karanta zanen ƙananan ramukan da ke kan tsiro a gane, tun kafin a kai shi ɗakin gwaji, ko lafiyayye ne, ko mai rikiɗewa, ko wanda ya riga ya nutsa.

Shin wannan ƙwaƙƙwafin yana ceton rai kuwa? An auna. A Folan, a 2010, an bi mutum sama da 45,000, aka ga waɗanda suka faɗa hannun likitan da ke gano tsiro a ƙasa da kashi 20 cikin 100 na majiyyatansa sun fi sauran haɗarin sankara ta ɓullo musu bayan an ce musu lafiya lau. A 2014 ƙungiyar asibitocin Kaiser Permanente ta Kalifoniya ta duba leƙe sama da 300,000 na likitoci 136. Mafi rauni a cikinsu yana gano tsiro a kashi 7 cikin 100, mafi gwaninta a kashi 52. Kowane ƙarin maki ɗaya a wannan ma'auni ya zo da ragin kashi 3 cikin 100 na haɗarin sankara daga baya, da ragin kashi 5 na mutuwa da ita. Ka ga ke nan minti biyun da likita ya ƙara yana wanke wata kwana, ba tare da kowa ya gani ko ya gode masa ba, suna iya zama shekarun wani magidanci tare da 'ya'yansa.

Yankan kansa abin kallo ne. Ga tsiro kamar ƙwayar wake a kan allo. Gwani ya murɗa bututun har tsiron ya dawo ƙasan hoton, daidai inda kayan aiki ke fitowa. Ma'aikaciyar jinya ta miƙo siririn kube, ya zura. "Buɗe," zargen waya ya baje. Ya sauke shi a kan tsiron, ya haɗa da ɗan lafiyayyen bango kewaye da shi don kada a bar saura. "Rufe a hankali." Wayar ta tsuke, tsiron ya faɗi, ɗan jini ya tsattsafo ya tsaya da kansa, a tsotse yankan cikin tarko a aika ɗakin gwaji. Majiyyaci bai ji komai ba, domin fatar cikin hanji ba ta jin yanka, miƙewa take ji. Idan tsiron babba ne shimfiɗaɗɗe, sai a yi masa allurar ruwan gishiri a ƙarƙashi ya taso ya rabu da naman bango, wanda kaurinsa a sashen dama 'yan milimita ne kawai. Idan an yi allurar ya ƙi tasowa, gwani yakan dakata, domin alama ce ta cewa ciwon ya kama ƙasa. Sai ya ɗiga wa wurin tawada don likitan tiyata ya same shi, ya janye hannunsa. Sanin inda za a tsaya yana cikin gwanintar, don aikin yana da haɗarinsa: zubar jini, da hujewar hanji, wadda a leƙen rigakafi ba ta kai sau ɗaya cikin dubu ba. Ribar kuwa an gan ta a wani dogon bincike na Amurka da aka buga a 2012, inda aka bi mutum 2,602 da aka cire wa tsiro har kusan shekara 16, aka ga mutuwarsu da wannan sankara ta ragu da kashi 53 cikin 100 bisa abin da ake tsammani.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne wannan gwaninta koyonta ake yi, ba gadonta ba. Wani binciken ƙwaƙwaf da aka buga a Birtaniya a 2004 ya tona cewa kashi 77 cikin 100 na leƙe ne kawai ke isa ƙarshen hanji, kuma kashi 17 kacal na masu aikin aka tsaya a kansu a leƙensu ɗari na farko. Likitocin ƙasar ba su ɓoye ba. Suka kafa cibiyoyin horo, suka koya wa malaman kansu yadda ake koyarwa, suka sa kowa ya riƙa rubuta alƙalumansa. Da aka sake aunawa a 2011, adadin leƙen da ke isa ƙarshen hanji ya haura kashi 92. Ɗan koyo yakan buƙaci leƙe sama da 200 a gaban malami kafin hannunsa ya faɗa.

Duk da haka, gwani ba ya leƙa wanda bai zo ba. A 2022 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji na mutum 84,585 a Folan da Norwe da Suwidin. Cikin waɗanda aka aika wa takardar gayyata, kashi 42 cikin 100 ne suka amsa. Da aka lissafa duk waɗanda aka gayyata, da masu zuwa da masu ƙi, sankara ta ragu da kashi 18 cikin shekara goma, bambancin mutuwa kuma bai fito fili ba. Da aka ƙiyasta yadda zai kasance in kowa ya zo, ragin kamuwa ya kai kashi 31, na mutuwa kuma kusan rabi. Shi ya sa ƙasashe da yawa, irin su Holan da Birtaniya, suke farawa da gwajin bahaya mai sauƙi: a aika wa mutum ɗan kwalba gida, ya dangwali bahayarsa, ya mayar, a nemi ɓoyayyen jinin da ido ba ya gani. Wanda aka samu jini a nasa shi ake kai wa mai leƙe. Da irin wannan tsari Kaiser Permanente ta ɗaga masu yin gwaji daga kashi 39 a 2000 zuwa kashi 83 a 2015, mutuwa da cutar kuma ta ragu da fiye da rabi.

A Najeriya babu shirin gayyata na ƙasa, kuma yawancin masu cutar sai ta yi nisa suke isa asibiti, da yawansu ba su kai hamsin ba. Likitocin Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife, ƙarƙashin Farfesa Olusegun Alatise, sun gwada gwajin bahaya a kan mutum sama da 2,000, aka buga a 2022. Tara cikin goma sun mayar da kwalabensu, abin da ya nuna mutanenmu ba ƙi suke yi ba idan an yi musu bayani. Amma ɗaya cikin biyar ya nuna jini, yawanci ba don sankara ba, duk kuma sai an leƙa su. Ma'ana, kowace hanya aka bi, a ƙofar mai leƙen hanji take ƙarewa, kuma masu wannan hannun sun yi mana kaɗan. Manyan asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna yin aikin, sai dai ina su ina yawan jama'ar da ke kewaye da su?

A ƙasar Hausa kuwa akwai wani shinge na daban: duk jinin da ya fito ta dubura sunansa basir. Mutum zai shekara yana shan jiƙe-jiƙe da sassaƙe, yana saye a tasha da bakin kasuwa, yana rama, yana cewa basir ne ya tasar masa. Basir gaskiya ne, yana kuma zubar da jini, amma baki ba ya iya raba jininsa da na sankara, mutum ɗaya ma yana iya ɗaukar duka biyun. Ga kuma kunya, wadda na fahimta ƙwarai. Sai dai a ɗakin leƙe a rufe mutum yake, a gefen hagu yake kwance, ana iya ba shi allurar da za ta kwantar masa da jiki, mace kuma tana da damar neman mace ta tsaya tare da ita. Aikin yakan ɗauki kimanin rabin awa. Abin da ya fi wuya ma shi ne maganin wankin ciki na jajibiri, kuma shan sa har ƙarshe shi ne gudunmawar majiyyaci, don ko gwanin gwanaye ba ya ganin tsiro a hanji mai datti.

Amurka ta sauko da shekarun fara gwaji zuwa 45 tun 2021. Wanda mahaifinsa, ko mahaifiyarsa, ko ɗan'uwansa na jini ya yi wannan cuta, shawarar likitoci ita ce ya fara a 40, ko shekara goma kafin shekarun da aka gano ta ɗan'uwan nasa, duk wanda ya riga zuwa. Wanda kuwa yake ganin jini a bahaya, ko bahayarsa ta canza makonni ba ta daidaita ba, ko yana rama ba dalili, ko aka ce jininsa ya yi ƙasa ba a san ta ina yake zuba ba, wannan ba ya jiran shekaru. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, idan kai ne ko ke ce, a ajiye jiƙon nan a je asibiti, a faɗa wa likita komai ba rufa-rufa, a kuma tambaye shi kai tsaye ko akwai buƙatar a leƙa hanjin.